Na Fizge Wayar, Ƙararrawa Ba Ta Yi Kuka Ba

Ku da kuka cika min waya da saƙon "ki aure shi mana, me kike jira," ku gyara zama. Har da baiwar Allah da ta rubuto cewa bazawara mai goyo ba ta da bakin zaɓe. Na gani, 'yar'uwa, ban goge ba. Ki karanta har ƙasa, amsarki tana can.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: mijina ya rasu ina da ƙaramin ciki, na haifi 'yata bakwaini, ta yi makonni a cikin kwalba a asibiti. Shi ya sa har yau da ta haura shekara biyu, tana gudu tana ɓarna, kowa a gidanmu 'Yar Kwalba yake ce mata. Ina zaune tare da mahaifiyata, Umma, ina kuma aiki a wani ƙaramin kamfani da ke ƙera na'urar sa ido a kan jarirai marasa ƙarfi.

Sai na ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da mutumin nan ya yi ba. Na'urar wata 'yar akwati ce mai allo a gaba. Daga jikinta waya ta fito ta tafi ga wani madauri mai jan haske, wanda ake ɗaura wa jariri a ƙafa. Madaurin ne ke jin bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini. To amma shi madauri ba ya jin yaren akwati, ita ma ba ta jin nasa. Abin da ke tsakaninsu shi nake rubutawa. A wurin aiki direba muke ce masa, in kuwa Umma nake yi wa bayani sai in ce tafinta. Ya tambayi madauri, "Yaya yaron?" ya karɓi amsa ya miƙa wa allo, ya juya ya sake tambaya, kafin ki ƙifta ido ya yi haka ya fi a ƙirga. Ba wanda ke ganinsa, balle a yaba masa. In na'ura ta burge mutane, masu tsara allo ake tafa wa.

Doka ɗaya na kafa masa tun ranar da na fara rubuta shi: in ka tambaya ba a amsa maka ba, ka ce ba a amsa ba, ka tayar da ƙararrawa. Kada ka ƙirƙira, kada ka yi kara. Don na san yadda uwa ke kallon lambar da ke kan allon nan. Na zauna a kujerar roba gefen kwalba ina kallon irinta har idona ya yi ja. In ta ce casa'in da takwas sai in iya haɗiye ruwa, in ta sauko sai in miƙe in nemo nas. Likita in ya ce "da sauƙi" nakan yi zargin lallashi ne. Lambar nan ce kaɗai ban taɓa zargi ba.

Shi ya sa duk na'urar da ta zo teburina, kafin in duba komai sai na ɗaura madaurin a yatsana, in bar lamba ta fito, sannan in fizge wayar in ga me za ta yi. A ofis har suna suka sa min, Hajiya Fizge. Baba Mai Dalma, dattijon da ke haɗa akwatunan yana loda musu abin da muka rubuta, in ya hango ni sai ya rungume wayoyinsa ya ce, "Jama'a ku ɓoye, ga ta nan."

Sai kuma Manaja.

Shi ne shugaban masu allo, shi kuma ke zagaya asibitoci yana nuna kaya. Ɗan ƙawar Gwaggo ne, ƙanwar mahaifina, kuma ita ta ƙulla maganar aure tsakaninmu. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kyau, ya kuma san yana da shi, nan ne matsalar. Kwat ɗinsa ba ta san yamutsewa ba. Agogonsa ya kusa faɗin murfin kofi, kuma duk maganar da zai yi sai ya ɗaga hannu ya shafa gashin da bai motsa ba, don dai agogon ya gaisa da jama'a. Turarensa kan riga shi shiga ɗaki, ya kuma yi zamansa bayan mai shi ya fita. Saƙonsa na safe kullum iri ɗaya ne: "Barka da asuba Gimbiya, ya 'yarmu?" da hoton jan fure. 'Yarmu! Yarinyar da har yau bai san wane magani ke sa ta ƙaiƙayi ba.

Amma fa ban ce masa a'a ba. Ku riƙe wannan, kada a ce da ƙiyayya na shigo. Akwai wata gajiya da sai mai raino ita kaɗai ta san ta, gajiyar ki juya ki ce wa wani "riƙe min ita" ki tarar bango ne a bayanki. Kawu, waliyyina, ya ce ranar Asabar in Manaja ya zo gida in ba da amsa a wuce wurin. Kuma wallahi zuciyata ta fi karkata ga to.

Farkon makon 'Yar Kwalba ta tashi da zazzaɓi, na ɗauki hutu. Ina zaune bakin gado ina goga mata tsumma mai sanyi, saƙo ya shigo:

"Gimbiya, ki kwantar da hankali ki kula da 'yarmu. Na ɗan taɓa miki direbanki, ƙararrawar nan mai shegen kuka na lallashe ta. Kyauta ce daga gare ni."

Fure uku ya jera wannan karon. Na rubuta masa, "Kada ka taɓa min komai sai na dawo." Ya turo fuska mai dariya har da hawaye. Yarinya ta fara amai, na jefar da wayar kan filo, ban sake bi ta kai ba.

Ranar Alhamis na koma ofis. Ko jakata ban sauke ba na ɗaura madaurin a yatsa. Casa'in da takwas, 'yar zuciyar da ke kusurwar allo tana bugawa. Na fizge waya.

Shiru.

Na ɗaga wayar, bakinta na reto a gaban idona. Allo ya ce casa'in da takwas. Zuciya tana ta bugawa abinta cikin kwanciyar hankali, ita da ba a haɗe take da kowa ba. Na kwance madaurin na jefa a aljihun tebur na rufe. Casa'in da takwas.

Na buɗe rubutun. Inda na sa "in ba a amsa ba, ka tayar da ƙararrawa," ya goge, ya rubuta "in ba a amsa ba, ka maimaita amsar ƙarshe da aka ba ka." Har da ɗan bayani a gefe don kada a manta gwanin: an magance yawan kuka.

Turare ya iso, sannan mai shi.

"Kin ga kyautarki? Tsit kike ji."

"Manaja, yatsan wa na'urar nan take aunawa yanzu?"

Ya kalli allon, ya kalli wayar da ke hannuna, ya yi dariya. "Haba Gimbiya. Ranar Litinin manyan likitoci za mu nuna wa. Wa zai tsaya gabansu ya fizge waya in ba ke ba?"

"Jariri. Da ƙafarsa. Ba shi da wani aiki sai shure-shure."

"To ai shi ne! Duk shurin da yaro ya yi sai ta ɗau ihu. Wancan zuwan da na yi, nas ɗin ɗakin cewa ta yi in kwashe tarkacena, jarirai ba sa barci, su ma kunnensu ya gaji. Na ji kunya kamar in nutse."

A nan yana da gaskiya, ƙorafin nas ɗin na san da shi. Shi ma nake kan yi kafin zazzaɓi ya katse ni: in madauri ne ya zame, allo ya goge lamba ya rubuta "a duba ƙafa" da ƙara mai taushi, in kuwa iskar yaro ce ta sauka, a yi ihun gaske. Aiki ne mai cin lokaci, don sai na koya wa direban bambance shurin ƙafa da shirun da ba na lafiya ba. Na faɗa masa haka, na ƙara da cewa, "Amma wannan da ka yi, yaro zai iya shiɗewa madauri na ƙasa, uwarsa na zaune tana kallon casa'in da takwas tana gode wa Allah."

"Subhanallahi, ke dai bakinki! Na ɗan lokaci ne fa, a wuce nunin kawai."

"Gyaran nan ya shiga wata na'ura ban da wannan?"

"Ko ɗaya," ya ce, babban yatsansa na yawo a kan wayarsa. "Na asibiti sai mako mai zuwa za a kai."

Na mayar da layukan rubutuna na asali a kan idonsa, na sake fizge waya, ƙararrawa ta tsala ihu har masu allo suka ɗago kai. Ban taɓa jin daɗin ihu kamar ranar ba. Shi kuwa ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri, haƙuri gogagge kamar kwat ɗinsa, babu ko alamar yamutsewa a jiki.

Da na koma gida na tarar da Gwaggo ta baje a falo, ta cire mayafi tana fifita da shi. Na ba su labari.

"Waya!" Gwaggo ta tafa hannu. "A kan waya za ki ƙi miji? Yaro ya ga kina jinya ya ce bari in rage mata aiki, shi ne laifi? Ke 'yar nan, wallahi boko ya cinye miki kai. Mutum ga mota, ga kyau, ga ladabi, in ya durƙusa gaishe ni har sai na ce ya isa."

"Gwaggo, durƙuso ai ba ya raino."

"Ji ta! Ji bakin!"

Umma ba ta da hayaniya. Sai da ta gama ninke rigunan 'Yar Kwalba sannan ta ce, "Auta, aiki daban, gida daban. Namiji yakan yi garaje a wurin aiki, ya zo gida ya zama uba nagari. Ki bari ki ga zamansa da ita."

Maganar Umma ta shige ni. Na ce a raina, to, ƙila na cika tsanani. Ƙila mutum ne da ke tsoron kunya gaban manya, ba wani abu ba.

Asabar da la'asar ya zo. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗan aiki a wuya, na yafa farin gyale, kwalli kawai na zizara. Gwaggo ta so in sa jan leshin da ta kawo, na ce ba biki ake ba. Falon ta sa an canza masa labule, an fito da kofunan gilashin da ke kulle a kabad tun ina yarinya, har hoton marigayi ta juya wai kada baƙo ya takura, na bi bayanta na mayar da shi yadda yake. Manaja ya shigo cikin farin yadi mai sheƙi, da jakar takarda a hannu, a ciki wata ƙatuwar 'yar tsana da ta fi 'Yar Kwalba tsayi. Yarinya ta kalle ta sau ɗaya ta koma wasa da murfin robarta.

Akwai wani takalmi da nake sa mata a gida, mai ƙara, duk taku sai ya ce ƙiƙ. Da gangan na saya. Gidanmu yana da ƙofar gefe da ke fita bayan gida inda muke wanki, kuma yarinyar nan ƙafarta ba ta zama. Ina kicin ko ina banɗaki, kunnena na kan takalmin, na san inda take.

Umma ta shiga ɗaki salla. Gwaggo ta miƙe tana ƙifta min ido. "Ke je ki haɗo shayi, ni zan leƙa maƙwabta. A bar uba da 'yarsa su saba."

Na shiga kicin na ɗora ruwa. Ina jin ƙiƙ, ƙiƙ, ƙiƙ, tana zagaya tebur. Ina jin Manaja yana magana da wani a waya kan nunin Litinin. Na juya neman sukari, na ɗauraye kofuna, butar ta fara huci.

"Manaja, tana nan?"

"Tana nan, tana wasa."

Na zuba ganyen shayi. Na jera biskit a faranti. Sai na tsaya da faranti a hannu, na rasa me ke damuna, sai can na gane: kunnena ne ke neman abin da ya saba ji bai samu ba.

"Manaja, tana nan kuwa?"

"Tana nan Gimbiya, muna hira."

Murya ɗaya sak da ta farko, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Na ajiye buta na fito.

Yana kishingiɗe a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, idonsa a waya. 'Yar tsana na zaune kusa da shi. A kan tebur, gefen makullin motarsa, ga takalman 'yata an jera su tsaf, kai da kai.

Ƙofar gefe a buɗe take.

Ban san yadda na kai bayan gida ba. Da safe na jiƙa zannuwan gadon da ta ɓata lokacin zazzaɓi a babban baho, ruwa cike har baki. Can na same ta. Cikinta a kan bakin bahon, ƙafafunta sun bar ƙasa suna reto, hannu biyu cikin ruwa tana miƙa wa murfin robarta da ke yawo a tsakiya, goshinta ya riga ya taɓa kumfa. Na cafko bayan rigarta na fizgo ta. Ta tsala ihu don haushin an raba ta da murfi, ni kuwa na durƙushe a jiƙaƙƙen siminti na ƙanƙame ta.

Na dawo falo da ita a kafaɗa, ruwa na ɗiga a sabon labulen Gwaggo. Ihun ya fito da Umma daga ɗaki da carbi a hannu, ya kuma dawo da Gwaggo da gudu.

Manaja ya miƙe. "Wallahi yanzu-yanzun nan tana nan!"

"Yaushe ka gan ta?"

"Ai... da na cire mata takalmin tana nan. Waya nake, ƙarar ta hana a ji ni."

"Da na tambaye ka, ka duba?"

Ya ɗaga hannu zai shafa gashi, ya fasa. Karon farko da na ga agogon nan ya rasa wanda zai gaisar.

"To ai Allah ya kiyaye," in ji Gwaggo, muryarta ta yi ƙasa. "Ba abin da ya faru. Yara ai haka suke, ko uban da ya haifa..."

Umma ta matso kusa da ni. Ta kalli jiƙaƙƙiyar rigar, ta kalli takalman da ke kan tebur, ta ɗauke su, ta zauna ta karɓi yarinyar ta mayar mata da su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure. Sannan ta ɗago ta ce, "Ɗana, ka gaida mutanen gida."

"Umma, a yi haƙuri, a bar ni in yi bayani. Gimbiya..."

"Kawu ya ce in ba da amsa yau," na ce. "A'a ce. Kuma ni sai da na duba kafin in faɗa. Ɗauki 'yar tsanarka, ita ce daidai rainonka, inda ka ajiye ta nan za ka same ta."

Baiwar Allah mai saƙo, ga amsarki. Mai goyo ta fi kowa bakin zaɓe, don ba kanta kaɗai take zaɓar wa ba. Mai kyau da mota ki ɗauka na bar miki, sai dai in kin tambaye shi abu, ki tashi ki je ki gani da idonki.

Ya fita, turarensa ya zauna. Ta taga na hango shi jingine da mota, kansa a sunkuye, babban yatsa na yawo a kan waya. Sai na tuna. Haka yake tsaye ranar Alhamis, haka yatsan ke yawo, lokacin da ya ce min "ko ɗaya."

Na kira Baba Mai Dalma.

"Hajiya Fizge! Yau Asabar ma ba za a bar wayoyina su huta ba?"

"Baba, na'urorin asibiti suna ɗakin ajiya?"

"Wane ɗakin ajiya? Ai sun matsa lamba, tun Laraba aka kai. Ni na loda musu da hannuna, rubutun ƙarshe da na tarar a kwamfutar ofis shi na zuba. Lafiya?"

Laraba. Ni kuwa sai Alhamis na mayar da layukana.

"Baba, kira nas ɗin ɗakin jarirai yanzu. Ka ce ta cire su duka ta mayar da nasu na da, kada ta yarda da lambar da ke kan allo ko da ta ga tana da kyau. Ka ba ta lambata. Ga ni nan zuwa."

Na zura kwamfuta a jaka da igiyar loda wa na'ura rubutu, ban tsaya canza jiƙaƙƙiyar riga ba. Gwaggo na zaune ta yi tagumi. Na kai bakin ƙofar gida, sai ƙafata ta tsaya da kanta.

"Umma, tana nan?"

Ba a amsa ba. Na ji jan silifa, na ji an ɗaga labule, na ji ƙiƙ, ƙiƙ. Sannan Umma ta ce, "Tana nan, ga ta tana jan wutsiyar zanena. Je ki."

Ina ɗaga hannu zan tare mota wayata ta ɗau ƙara, baƙuwar lamba.

"Ke ce kika rubuta abin da ke cikin akwatunan nan?" Muryar mace ce, tana haki. "Nas ce daga ɗakin jarirai. Mun cire duka sai ɗaya. Uwar ta rungume akwatin ta hana a taɓa, ta ce ba a taɓa sa wa ɗanta na'ura mai albarka irin wannan ba, tun safe lambarsa ba ta sauka daga casa'in da takwas ba."